Tarin Shiƙa da Ƙwayoyin T: Kada Zazzaɓin Dare Ɗaya Ya Kore Mu Daga Allura

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce na je gida, wani ƙauye da ke ƙasar Kudan, ba nisa da Hunkuyi, sai na tarar da wata 'yar taƙaddama tana jirana. Matar ƙanena ta haihu, an yi arba'in, an kai jaririn asibiti an yi masa allurar rigakafi a cinya. A daren nan yaro bai runtsa ba, jiki ya yi zafi, wurin allurar ya kumbura, ya yi ta tsala kuka har asuba. Da gari ya waye, mahaifiyarmu ta yanke hukunci cewa ba za a sake kai mata jika ba. Ko gama gaisuwa ban yi ba ta tare ni da maganar, da yake ba ta kama sunana saboda ni ne ɗan fari:

"Malam, ku da kuka yi boko sai ku gaya mini. An ɗauki yaro lafiyarsa ƙalau, an dawo da shi da ciwo. Wannan wane irin magani ne?"

Tambayar Inna tambaya ce ta mai hankali, kuma na tabbata ana yin irinta a gidaje da yawa a Kudan da Makarfi da Ikara. Amsarta tana cikin wani fanni na ilmin halittu da ba a cika koyar da shi sosai a makarantunmu na sakandare ba, wato aikin da wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T suke yi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, allurar tarin shiƙa da ake yi wa yaranmu, duk da zazzaɓin da takan kawo, ta fi wadda ake yi a ƙasashe masu arziki iya horar da waɗannan ƙwayoyi; kuma babbar hasarar da muke yi ita ce barin horon bai kammala ba.

Mene ne tarin shiƙa?

Wata bakteriya ce mai suna Bordetella pertussis take haddasa tarin shiƙa. Masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Jules Bordet da Octave Gengou, su ne suka fara raba ta daban suka rene ta a ɗakin gwaji a shekarar 1906. Mutum kaɗai take kamawa a al'ada, kuma tana bi ta cikin tururin yawu da majina idan mai ita ya yi tari ko atishawa. Saurin yaɗuwarta ya kai ga in ta shiga gida, takan kama kamar mutum 8 cikin 10 na waɗanda ba su da kariya.

Idan ta shiga jiki takan yi kwana 7 zuwa 10 ba a ga komai ba. Daga nan sai ta fara kamar mura, da yoyon hanci da ɗan tari, har tsawon mako ɗaya ko biyu, kuma a wannan lokaci ne aka fi ɗaukar ta. Sa'an nan sai tarin ya rikiɗe: yaro ya yi ta tari a jere ba numfashi, idanu su firfito, fuska ta canza, can sai ya ja iska da ƙarfi da wata irin ƙara, wato shiƙar da ta ba cutar sunanta, sau da yawa kuma amai ya biyo baya. Ana iya shafe makonni 6 ko fiye a haka. Mutanen Sin ma tarin kwana ɗari suke kiran ta. Amma a kula, jariri ɗan wata ɗaya ko biyu sau da yawa ba ya yin shiƙar ko kaɗan. Numfashinsa ne kawai yakan tsaya, leɓɓansa su yi duhu. Su ne kuwa cutar ta fi kashewa. Wani ƙiyasi da aka buga a 2017 ya nuna cewa a shekarar 2014 yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 24 ne suka kamu da ita a duniya, kimanin 160,000 suka rasu, fiye da rabinsu a nahiyar Afirka.

Yaya take yin wannan ɓarna? A cikin bututun iskar da ya tashi daga maƙogwaro zuwa huhu akwai wasu 'yan gashi ƙanana ƙwarai, waɗanda kullum suke kaɗawa kamar tsintsiya suna share ƙura da majina zuwa sama. Bakteriyar takan liƙe a jikinsu, ta fitar da dafin da ke kashe su. In tsintsiya ta lalace, majina mai kauri sai ta taru, ba yadda za a fitar da ita sai da tari mai tsanani. Wannan ne dalilin da ya sa maganin kashe bakteriya, irin su eritiromaisin da azitiromaisin, in an makara ba ya tsayar da tarin, ko da yake yana hana mai cutar shafa wa wasu. Shi ne kuma dalilin da ya sa romon ƙadangaren da aka ba mu muna yara ya yi suna: ana bayar da shi ne bayan an sha makonni ana fama, daidai lokacin da gashin ya fara tsirowa da kansa.

Rundunar da ke cikin jini

Yawancin littattafan sakandare da na duba sukan taƙaita garkuwar jiki da cewa, cuta ta shiga, jiki ya ƙera antibodi, antibodi ya kashe cuta. Wannan gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne. Akwai masu haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita, kamar makrofaj da nutrofil. Akwai ƙwayoyin B, waɗanda su ne maƙeran antibodi. Sa'an nan akwai ƙwayoyin T.

A cikin ɓargo ake haifar ƙwayoyin T, amma makarantarsu wata 'yar tsoka ce da ke bayan ƙashin ƙirji, sama da zuciya, mai suna taimus. Daga harafin farko na sunanta aka samo T ɗin. Taimus tana da girma a jikin jariri, tana kuma shanyewa sannu a hankali bayan balaga. An daɗe ana ɗaukar ta a matsayin abin da ba shi da amfani, sai a 1961 Jacques Miller, yana aiki a Landan, ya cire ta daga jikin jariran ɓeraye, ya ga garkuwar jikinsu ta rushe. A cikin taimus ne ake koya wa kowace ƙwayar T bambanta jikin mai ita da baƙo. Bayan ta kammala sai ta riƙa zagaye tsakanin jini da kaluluwa, wato waɗannan 'yan ƙulle-ƙullen da kan kumbura a hammata ko matsematsi idan mutum ya ji ciwo. A can ne ake kawo mata guntun ƙwayar cuta ta gani, in ta gane shi sai ta hayayyafa.

Wani rukuni na ƙwayoyin T, waɗanda ake kira mataimaka, ba sa kisa da kansu. Umurni suke bayarwa ta hanyar wasu sinadarai, tamkar sarkin yaƙi. A 1986 Tim Mosmann da Robert Coffman suka nuna cewa mataimakan nan ba iri ɗaya ba ne. Nau'in Th1 yana fitar da sinadarin intaferon-gama, wanda ke zaburar da makrofaj ta kashe bakteriyar da ta haɗiye. Nau'in Th2 ya fi ƙwarewa wajen yaƙi da tsutsar ciki da taimaka wa ƙera wasu ire-iren antibodi. A 2005 aka ƙara gano nau'in Th17, mai fitar da intalukin-17, wanda ke kiran nutrofil zuwa fatar cikin hanci da bututun iska. Bayan an ci yaƙi, wasu daga cikin ƙwayoyin sukan rage a jiki shekaru da yawa suna riƙe da kamannin abokin gaba. Su ne ƙwayoyin tuni, kuma samar da su shi ne manufar kowace allurar rigakafi.

Bakteriyar tarin shiƙa ta san da zaman wannan runduna. Ɗaya daga cikin dafinta yana hana ƙwayoyin T da B fita daga jini su shiga kaluluwa. Saboda haka idan aka auna jinin jariri mai cutar, sai a ga fararen ƙwayoyi sun yi yawa fiye da kima, amma ba sa amfanar da shi, kamar sojojin da suka cika titi alhali an kulle musu ƙofar bariki. A jarirai ƙanana, cunkoson nan yana iya toshe ƙananan hanyoyin jini na huhu, kuma yana cikin manyan dalilan mutuwarsu.

Abin da bincike ya nuna

Har zuwa shekarun 1980 akasarin masana sun ɗauka antibodi kaɗai ke kare mutum daga tarin shiƙa. A 1993 Kingston Mills, masani ɗan ƙasar Ailan, da abokan aikinsa suka nuna cewa ɓerayen da ba su da ƙwayoyin T ba sa iya kawar da bakteriyar daga huhunsu, amma in aka sanya musu ƙwayoyin T daga ɓeran da ya warke, sai su kawar da ita. A 1997 suka auna jinin yaran da suka kamu da cutar, suka tarar ƙwayoyin T ɗinsu intaferon-gama suke fitarwa, wato nau'in Th1 ne ya tashi. A 2003 Françoise Mascart da ƙungiyarta a Beljiyam suka ga irin wannan martani har a jikin jarirai 'yan wata biyu. Wannan muhimmin abu ne, domin ya nuna cewa garkuwar jariri, duk da ƙuruciyarta, tana ɗaukar karatu in an koya mata. Daga baya, a gwaje-gwajen ɓeraye, aka gano cewa wasu ƙwayoyin tuni, musamman na Th17, sukan tare a cikin hanci da huhu su zauna, ba sa komawa jini. Masu gadin ƙofa ke nan.

To, a taƙaice, antibodi yana kama dafin bakteriya ya rage tsananin ciwo. Amma korar bakteriyar daga hanci da maƙogwaro, yadda mutum ba zai ɗauke ta ya kai wa wani ba, ya dogara ƙwarai a kan Th1 da Th17.

Kada ɗalibanmu su zaci irin wannan ilmi a Turai kaɗai ake yin sa. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu sun yi bincike mai daraja a kan yadda ƙyanda ke raunana ƙwayoyin T na yara, da yadda cutar ke daɗewa a jikin yaron da ke da tamowa. Yaran ƙasar Zazzau ne aka yi wannan nazari a kansu, kuma duniya ta amfana da shi.

Allura iri biyu

Allurar tarin shiƙa iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda Pearl Kendrick da Grace Eldering suka inganta a jihar Mishigan ta Amurka a shekarun 1930: akan rene bakteriyar, a kashe ta, a sanya ta sukutum a cikin allura. Tana ɗauke da sinadarai iri-iri har dubbai. Ta biyu kuwa tatacciya ce, an zaɓo sinadarai 1 zuwa 5 kacal daga jikin bakteriyar. Yuji Sato na ƙasar Japan ne ya jagoranci ƙirƙiro ta, aka fara amfani da ita a can a 1981.

Abin da ya kai ga tatacciyar allura shi ne irin ƙorafin da Inna ta yi. A Japan, bayan rasuwar jarirai biyu da aka danganta da allurar, gwamnati ta dakatar da ita na ɗan lokaci a 1975, iyaye kuma suka guje ta. A 1974 mutum 393 ne suka kamu da cutar a ƙasar, ba wanda ya mutu. A 1979 sai ga kimanin mutum 13,000 sun kamu, 41 sun rasu. Gudun zazzaɓi ya jawo annoba. Da aka samu tatacciyar allura, wadda ba ta cika sa zazzaɓi ba, ƙasashe masu arziki suka rungume ta. Amurka ta koma kanta gaba ɗaya a 1997, Ingila a 2004.

Bayan wasu shekaru sai cutar ta fara dawowa. A 2012 Amurka ta ƙidaya fiye da mutum 48,000 da suka kamu, adadin da rabon da a ga irinsa tun 1955. A 2024 Ingila ta tabbatar da kusan 15,000. Dalilan suna da yawa, har da ingancin na'urorin gwaji da kuma raguwar masu karɓar allura, amma akwai dalili ɗaya da ya shafi maganarmu kai tsaye. A wani bincike da aka buga a 2014, Jason Warfel da Tod Merkel na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka sun gwada alluran biyu a kan birai irin bika. Biran da aka yi wa tatacciyar allura ba su yi ciwo mai tsanani ba, amma bakteriyar ta zauna a hancinsu kamar mako biyar, har suka shafa wa 'yan'uwansu da ke keji ɗaya. Waɗanda aka yi wa ta sukutum sun kawar da ita cikin kamar mako uku. Da aka duba jininsu, sai aka ga ta sukutum ta tayar da Th17 da Th1, kamar yadda cutar kanta ke yi, tatacciyar kuwa ta karkata zuwa Th2. Daɗin daɗawa, wani bincike na 2018 daga cibiyar La Jolla a Kalifoniya ya nuna cewa irin allurar da aka fara yi wa mutum yana jariri ita ke tsara halin ƙwayoyin T ɗinsa har girmansa, ko da an bi shi da tatacciya daga baya. Gaskiyar masu iya magana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga inda amsar Inna take. A fatar bakteriyar akwai sinadaran da jiki ke ɗauka a matsayin ƙararrawar haɗari. Su ne ke sa zafin jiki da kumburi, kuma su ne ke sa a tura ƙwayoyin T bisa hanyar Th1 da Th17. Da aka tace su aka fitar, an rage zazzaɓi, amma an rage ƙarfin horo tare da shi. Allurar Penta da ake yi wa yaranmu kyauta, wadda Nijeriya ta fara amfani da ita a 2012, tana ɗauke da ta sukutum ne, haɗe da rigakafin mashaƙo, da sandarewar jiki ta tetanus, da ciwon hanta nau'in B, da wata bakteriya mai suna Hib da ke kawo sanƙarau da ciwon huhu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen da ke amfani da ta sukutum su ci gaba da ita. Na sha jin wasu 'yan boko na cewa an bar mana tsohon yayi ne don mu talakawa ne. Lalle ta fi araha, amma a fagen horar da ƙwayoyin T ita ce a gaba.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya

Adalci ya wajabta in faɗi ɗaya ɓangaren. Na farko, wahalar da allurar ke bayarwa ba ƙarya ba ce. Zazzaɓi da kumburi da rigima sun zama ruwan dare, suna kuma wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Can ba a rasa ba, yaro yakan yi kuka fiye da sa'a uku ba tsayawa, ko jijjiga saboda zafin jiki, ko jikinsa ya saki ya yi laƙwas na ɗan lokaci. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a koma asibiti nan take, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya kafin allura ta gaba. Ma'aikacin da ya yi allura bai gargaɗi uwa a kan abin da za ta gani da dare ba, bai kuma gaya mata yadda za ta shayar da yaron ta sanyaya masa jiki ba, ya yi rabin aiki ne.

Na biyu, zazzaɓi ba ma'aunin kariya ba ne. Yaron da bai yi zafin jiki ba shi ma allurarsa ta kama. Na uku, yawancin hujjojin da suka fi ƙarfi a kan Th17 daga ɓeraye da birai aka samo su, kuma ɗan Adam ba ɓera ba ne, ko da yake abin da ake gani a jinin yara ya dace da su. Na huɗu, kariyar ta sukutum ma tana raguwa da shekaru, haka ma kariyar wanda ya taɓa yin cutar. Shi ya sa babba yakan yi tarin shiƙa ya ɗauka tari ne mai naci, ya kai wa jariri.

Na biyar, tatacciyar allura tana da wurin da ta fi dacewa. Jariri ba ya samun allurar farko sai ya yi mako 6, alhali a waɗannan makonni ne haɗarin ya fi yawa. Tun 2012 Ingila take yi wa mata masu juna biyu tatacciyar allura, domin antibodin uwa ya bi ta mahaifa ya kare jariri kafin ƙwayoyin T nasa su samu horo. Allurar da ake yi wa matanmu a wajen awon ciki ta tetanus ce da mashaƙo, babu tarin shiƙa a ciki. A ganina lokaci ya yi da hukumomin lafiyarmu za su duba wannan giɓi.

Ina matsalarmu take?

Ana yin Penta sau uku: a mako na 6, na 10 da na 14. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa allura ɗaya tana ba da kariya daga matsanancin ciwo kamar kashi 50 cikin 100, biyu kuwa aƙalla kashi 80. Kowace allura ƙarin darasi ce: ƙwayoyin tuni suna ƙaruwa, antibodin da ake ƙerawa yana ƙara inganci. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yara 65 cikin 100 ne suka samu allurar farko a Nijeriya, 50 kacal suka kai ga ta uku, kuma shiyyar Arewa maso Yamma tana ƙasa da wannan matsakaici sosai.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen 2015 an samu ɓarkewar cutar da ake kyautata zaton tarin shiƙa ce a Kaltungo ta Jihar Gombe, inda yara da dama suka rasu, masu bincike kuma suka danganta abin da ƙarancin allura. Annobar mashaƙo da ta tashi a Kano a ƙarshen 2022 ta iso har gida, domin a watan Yulin 2023 an ba da rahoton ɓullarta a yankin Gubuchi na ƙaramar hukumar Makarfi. Tun da allura guda ce ke kare cututtukan biyu, duk inda mashaƙo ya samu ƙofa, to tarin shiƙa ma ya samu.

Akwai al'adunmu guda biyu da ya kamata mu duba da idon basira. Mako 6 kwana 42 ke nan, wato kwana biyu bayan arba'in. Wannan ne daidai lokacin da mai haihuwar fari ke barin gidan iyayenta ta koma ɗakinta, ana kuma shiga yawon arba'in. Sai ka ga an haihu a Likoro, an koma Ikara, kati ya ɓace a cikin kaya, allura ta wuce. Ya kamata kowa ya sani cewa ana karɓar allurar a kowane asibitin gwamnati, kuma in an makara ba a sake farawa daga farko, ana ci gaba ne daga inda aka tsaya. Ta biyu ita ce cincirindon barka da suna, inda jariri ɗan kwana bakwai ke yawo daga hannu zuwa hannu. Ba na kira a daina zumunci, amma mai tari ko mura ya yi barkarsa daga bakin ƙofa.

Sai kuma abinci. Tamowa tana shanye taimus, ta rage yawan ƙwayoyin T da kuzarinsu. Tun a 1966 David Morley ya bayyana, daga aikinsa a ƙauyen Imesi-Ile da ke Jihar Osun ta yanzu, yadda tarin shiƙa ke ramar da yara saboda yawan amai, har ya jefa wasu cikin tamowa. Cuta na kawo yunwa, yunwa na buɗe wa cuta ƙofa. A ƙasa mai albarkar masara da waken soya da tumatir da rake kamar tamu, wannan bai kamata ba. Nonon uwa zalla har wata 6, sa'an nan kunu mai gyaɗa ko waken soya, su ma hidima ce ga ƙwayoyin T.

Aikin malamai da ɗalibai

Ga 'yan'uwana malaman bayoloji, ina roƙon idan an zo darasin jini da garkuwar jiki, kada a tsaya a kan antibodi. A zana taimus da kaluluwa a allo, a bayyana ƙwayoyin tuni, a kawo katin allura na gaske cikin aji a karanta shi layi-layi. Ɗalibin da ya fahimci dalilin yin allura sau uku ba zai buƙaci a yi masa shela ba.

Ku kuma ɗalibai, a gidaje da yawa ku ne kuka fi kowa iya karanta abin da ke rubuce a katin nan. Kowannenku ya nemi katin ƙaninsa ko ɗan yayarsa, ya duba ko an cike gurabun Penta 1, 2 da 3, ya lissafa ranar komawa ya rubuta a inda za a gani. In kun ga yaro na tari a jere har da amai, ko tari ya wuce mako biyu, ko jariri na ɗauke numfashi, ku matsa a kai shi asibiti, a kuma raba shi da sauran jarirai. Ku yi wannan cikin ladabi, domin iyaye ba sa ƙin allura don ƙin 'ya'yansu. Tausayi ne ke hana su.

Ni ma da na zauna da Inna bayan la'asar ban ambaci Th17 ba. Na tambaye ta ko tana tuna tarin shiƙa. Ta yi shiru, sa'an nan ta ambaci ƙanwata da ta rasu tana da wata huɗu, shekaru fiye da talatin da suka wuce, ta ce har yau tana jin ƙarar numfashin nan a kunnenta. Na ce, "Inna, abin da ke cikin allurar nan gawar wannan cuta ce. Ana nuna wa jikin yaro ita ne don ya san fuskarta, zafin jikin kuwa alamar dakarunsa sun taso ne. Sai an nuna musu sau uku suke riƙewa sosai."

Ta daɗe tana kallon jaririn, can ta ce, "To, a kai shi. Amma ku gaya wa mai allurar ya yi a hankali, kuma da ni za a je."

An yi ta biyu, an yi ta uku. Ya sake yin zazzaɓi a ta biyun, kwana ɗaya, ya wuce. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, ya kuma sa mu yi aiki da abin da muka sani, amin.